Masanyayin furosesa na iska: me ƙarin kuɗin yake saya maka a zafin Saudiyya?

Shin masanyayin furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai aiki da iska zai iya riƙe kwamfutar tebur a zafin Makka da Jidda da Riyad, ko kuwa dole sai na ruwa? In kuma na iskan ya isa, me ya raba wanda ake sayarwa riyal 150 da wanda ya haura riyal 500, alhali a ido duk tarin ƙarfe ne da fanka?

Gardamar nan ba ta rasa tashi duk lokacin zafi, amma ta ƙara kauri tun da aka fara gasar wasannin kwamfuta ta duniya a Riyad a 2024, wadda kyaututtukanta suka haura dala miliyan 60 a shekarar farko, suka kuma haura miliyan 70 a 2025. Yaran da a da PlayStation ta ishe su, yanzu tajmi'a suke so, su sayi kaya ɗai-ɗai su harhaɗa da hannunsu. Ga masu tace bidiyo, ga masu zanen gine-gine, ga masu shagon buga takardu, kowa yana son injin da ba zai shaƙe masa da tsakar rana ba. Sai ka ga an cika zauren WhatsApp da hotunan jadawali daga YouTube, wannan ya ce nasa ne na ɗaya, wancan ya ce ƙarya ne. Jadawalan ba ƙarya suke yi ba. Abin da ake mantawa shi ne a ɗakuna masu sanyi da tsabta aka auna su, kuma tazarar da suke nunawa tsakanin mai tsada da mai araha ba ta kai tazarar da ke tsakanin ɗakin da aka kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da wanda aka kashe ba.

Aikin da yake yi, da wanda ba ya yi

Furosesa wuta yake ci, kuma kusan duk wutar da ya ci zafi take komawa. In yana jan wat 150, to zafin wat 150 yake fitarwa, daga wani ɗan wuri mitsitsi a ƙarƙashin murfin ƙarfen da ke kansa. Aikin masanyayi, wanda masu shaguna a nan suke kira mubarrid, shi ne ya kwashe zafin daga wannan ɗan wuri ya baza shi a fili mai faɗi inda iska za ta tafi da shi.

A ƙasa akwai gindi na jan ƙarfe da ke zama a kan furosesa. Tsakaninsu ake shafa ma'ajun, ɗan man nan mai launin toka, don ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. In ba a shafa ba, iska ce za ta zauna a ramukan, ita kuwa iskar da ke tsaye wuri ɗaya ba ta wuce da zafi. Jan ƙarfe ya fi ta a wannan aiki fiye da sau 10,000. Daga gindin sai bututan zafi su tashi su ratsa siraran farantai na alminiyum da aka jera bisa juna, fanka kuma ta hura iska ta tsakanin farantan.

Bututun nan shi ne sirrin abin, kuma mutane da yawa sun ɗauka sandar ƙarfe ce zalla. Cikinsa rami ne. An zuƙe iskar da ke ciki, an zuba ɗan ruwa kaɗan, an liƙe bakin. Saboda babu matsin iska, ruwan yana tafasa tun bai je ko kusa da digiri 100 ba. Ya tafasa a gindi, tururin ya tafi wajen farantan, ya huce ya koma ruwa, kamar yadda tururi ke taruwa ɗigo-ɗigo a murfin tukunya. Sai wani lagwani na garin jan ƙarfe da aka gasa a bangon bututun ya tsotso ruwan ya mayar da shi gindi, a sake sabon zagaye. Babu famfo, babu abin da ke motsi in ban da fanka.

Ke nan na iska ma akwai ruwa a cikinsa. Na ruwan kuma, in ka bi tiyonsa har ƙarshe, lagireto za ka tarar da fankoki suna hura masa iska. Dukansu iskar ɗakinka suke jibga wa zafin. Babu wanda yake da gas ko kwamfireso irin na mukayyif, don haka babu wanda zai iya saukar da furosesa ƙasa da zafin iskar da yake shaƙa.

Zafin ɗakinka yana cikin lissafi

Nan ne jadawalin waje yake rabuwa da rayuwarmu. Masu gwaji na Turai da Amurka sukan yi aiki a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos. Masu hankali a cikinsu ba ma zafin furosesa suke rubutawa kai-tsaye ba, sai su rubuta nawa ya ɗara zafin ɗaki. In ka ga 55 a irin wannan jadawali, ba yana nufin furosesan yana digiri 55 ba ne, yana nufin 55 a kan abin da ɗakin yake.

Mu ɗauki 55 ɗin a matsayin misali. A ɗaki mai digiri 22, furosesa zai tsaya a 77. Ɗauki kwamfutar nan, ba ka canza ko noti ɗaya ba, ka kai ta ɗakin saman gini inda rana ta wuni tana dukan rufi, mukayyif ɗin taga kuma ya tsufa, ɗakin yana 35: furosesa ya koma 90. Digiri 13 ke nan suka hau, kuma tsakanin manyan masanyayai na iska babu wanda ya fi ɗan'uwansa da digiri 13. Ƙasar da aka auna digiri 51.8 a Harami lokacin Hajjin 2024, ba a ɗaukar zafin ɗaki da wasa a cikinta. Samarinmu da yawa kuma a irin waɗannan ɗakunan saman suke kwana, don nan ne haya take da sauƙi.

Akwai ƙari a kan haka. Iskar da masanyayi yake shaƙa ba ta ɗaki ba ce kai-tsaye, ta cikin akwatin kwamfutar ce, kuma katin hoto, mai sarrafa hoton da ke fitowa a allo, yana zaune daf da ƙarƙashinsa yana furzar da nasa zafin. RTX 4060 yana wajen wat 115, RTX 4090 yana kai 450, RTX 5090 kuwa 575. In gaban akwatin gilashi ne a rufe ruf, ba ƙofar shigar iska sai wata 'yar tsaga a gefe, to masanyayin riyal 600 ma iskar da kati ya riga ya dafa yake hurawa. Ni a ganina wanda ya sayi akwatin gilashi don fitilu masu launi, sannan ya zo yana kukan zafi, ba masanyayi ne matsalarsa ba.

Laimar Jidda ba ta hana masanyayin furosesa aiki, ba kamar mukayyif sahrawi mai sanyaya iska da ruwa ba ne da yake dogara da bushewar iska. Abin kiyayewa ɗaya ne: in aka fito da kwamfuta daga ɗaki mai tsananin sanyi zuwa iska mai laima, raɓa takan sauka a ƙarfe, sai a bar ta ta bushe kafin a kunna.

Lambar da ke jikin kwali

Babu lambar da ta kai TDP, wato lambar wat ta zafi, ruɗa mai saye. Tana jikin kwalin furosesa, tana jikin kwalin masanyayi, sai mutum ya ɗauka in ta masanyayi ta fi girma an gama magana. Ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba.

Ta furosesa tukuna. Intel ya rubuta wat 125 a kan Core i9-14900K, amma shi da kansa ya bayyana cewa yakan kai 253 in ya buɗe wuta. Core i5-12400 an rubuta 65, yana iya kai 117. A ɓangaren AMD, Ryzen 9 7950X an rubuta 170, iyakarsa 230. Ryzen 5 7600 an rubuta 65, iyakarsa 88. Lamba ta biyun ce masanyayi zai yi kokawa da ita, ba ta farkon ba.

Ta masanyayi kuwa babu wata ƙa'ida da kamfanoni suka haɗu a kanta. Kowa yana gwada nasa yadda ya ga dama ya rubuta 220 ko 260. Kamfanin masanyayai na Noctua ma ba ya rubuta ta, nasa ma'aunin daban ya ƙirƙiro. Don haka in mai shago ya nuna maka kwali biyu na kamfanoni daban-daban ya ce wannan ya fi da wat 30, bai gaya maka komai ba.

Sannan wat ɗin wani furosesa ya fi na wani wuyar kwasa. A jerin Ryzen 7000, gutsuren silikon da ke yin aikin ƙanana ne, suna zaune a gefe guda ba a tsakiya ba, ga murfi mai kauri a kansu. Zafin yana cunkushe a wuri ɗaya, ba ya saurin isa ga gindin masanyayi komai girmansa. Shi ya sa Noctua ya fito da ƙarafan ɗauri masu gusar da gindin milimita 7 don ya zauna daidai kan inda zafin yake. AMD kuma ya faɗa ƙarara cewa an tsara waɗannan furosesa ne su yi ta ƙara sauri har su kai digiri 95 su zauna a nan. Sai mutum ya ga 95, hankalinsa ya tashi, ya je ya kashe rabin albashi, ya dawo ya sake ganin lamba kusa da ita. Abin da ya samu da kuɗinsa ɗan ƙarin sauri ne, ba sanyi ba. A na Intel iyakar digiri 100 ce. In ya kai nan sai ya rage gudu da kansa, in abin ya faskara ya kashe kwamfutar. Furosesa na zamani ba ya tsayawa ya ƙone.

Wani ruɗanin kuma daga 2024 ya samo asali, lokacin da manyan furosesa na Intel na jeri na 13 da na 14 suka riƙa tsinkewa a tsakiyar wasa. Da yawa a nan sun ɗora laifin a kan zafin gari. Intel ya tabbatar cewa ƙarfin wutar da furosesan ke nema ne ya wuce kima, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya kuma ƙara shekara 2 a garanti. Wanda yake da irinsu, sabunta BIOS ya fi masa gaggawa da sayen ƙaton masanyayi.

Su wane ne a kasuwa

A ƙasan jeri akwai wanda yake zuwa kyauta a kwalin furosesa: Wraith Stealth na AMD da Laminar na Intel, dunƙulen ƙarfe da ƙaramar fanka mai hura iska ƙasa, ba bututun zafi. Ga kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu mai furosesan wat 65, a ɗakin da mukayyif ke aiki, ya isa. Laifinsa ƙara. Da aiki ya yi nauyi sai ya kama kuka, a ɗaki mai zafi kuma kukan ba ya tsayawa.

Sama da shi sai mai hasumiya ɗaya: bututu 4, fanka mai faɗin milimita 120, iska tana bi ta gefe ta nufi bayan akwati. Hyper 212 Evo na Cooler Master, wanda ya fito a 2011, shi ya yi shekaru yana mulkin wannan aji, har yau akwai masu shagunan da ba su san wani suna ba sai nasa. Zamani ya wuce shi. AK400 na DeepCool da Freezer 36 na Arctic suna wannan aji, kuma ga Ryzen 5 ko Core i5, ko ma Ryzen 7 7800X3D da 'yan wasa ke rububi, wanda a cikin wasa ba ya ko kusantar wat 120 da aka rubuta masa, wannan aji yana yin aikin.

Rigimar tana wajen masu hasumiya biyu. Shekara da shekaru sunan da ake ambata shi ne NH-D15 na Noctua, kamfanin Ostiriya mai fankoki kalar ƙasa-ƙasa: ya fito a 2014, bututu 6, fanka biyu masu milimita 140, nauyinsa ya haura kilo 1.3. Kusa da shi akwai Dark Rock Pro na kamfanin Jamus be quiet! da AK620 na DeepCool. Sai Thermalright ya shigo da Peerless Assassin 120 SE, bututu 6, fanka biyu masu milimita 120, a farashin da ke wajen dala 35 zuwa 40, daga baya kuma Phantom Spirit 120 mai bututu 7. Masu gwaji suka jera su da NH-D15, suka ga tazarar digiri ƙalilan ce, wani lokacin ma babu. A 2024 Noctua ya mayar da martani da NH-D15 G2 mai bututu 8, a dala 150. Ya fi, babu musu. Amma tunda dala tana riyal 3.75, maganar riyal 130 zuwa 150 ake yi a gefe guda, da sama da riyal 560 a ɗaya gefen, kafin a ɗora harajin kashi 15 cikin 100 da kuɗin aikowa.

To me ragowar riyal 400 ɗin suke saya? Suna sayen fankar da boris ɗinta ke daɗewa kuma sautinta bai da kaifi. Suna sayen garantin shekara 6. Suna sayen ƙarafan ɗauri masu sauƙin haɗawa, da al'adar kamfanin ta aika wa mai rasit sababbin ƙarafa kyauta in an canza soket, wato mazaunin furosesa, har wanda ya sayi NH-D15 a 2014 yana iya ɗora shi a kan furosesan yau. Waɗannan abubuwa ne na gaske, ba talla ba. Wanda kwamfuta ce gonarsa, tana kwana tana aiki, kuma yana da halin saye, ba zan ce ya yi asara ba. Amma in kuɗin a ƙirge suke, kamar yadda suke a hannun yawancinmu, riyal 400 ɗin nan sun fi amfani a akwati mai raga a gaba, da fanka biyu masu shigo da iska, da wanke mukayyif.

Kada kuma yawan bututu ya ruɗe ka. Akwai masu araha marasa suna da ake jibgewa a shagunan intanet, bututu 6 ko 8, amma farantan a sake suke a jikin bututun, gindin kuma bai shafe daidai ba. Na kirki mai bututu 4 yana iya doke su. Game da DeepCool, in ka lura sunansa ya ja baya a jadawalan Amurkawa, dalilin takunkumin da gwamnatin Amurka ta sa wa kamfanin ne a Yunin 2024 kan cinikayya da Rasha, ba kayan ne suka lalace ba.

Ƙara

Kowane masanyayi zai yi sanyi in aka bar fankarsa ta yi gudun ƙarshe. Shi ya sa jadawalin da ya fi amfani shi ne wanda aka daidaita su duka a ƙara ɗaya sannan aka auna zafi. Fanka mai milimita 140 tana tura iskar da mai 120 ke turawa ba tare da ta yi saurinta ba, nan manyan suke samun shirunsu. Lambar desibel da ke kwali kuwa, kowane kamfani da nisan da yake ajiye makirufonsa.

Sai dai a tambayi kai: a wane ɗaki? Wanda mukayyif ɗin taga ke ruri a bayansa wata shida a shekara, ya kuma toshe kunne da abin sauraro yana wasa, ba zai ji bambancin fankar Noctua da ta Thermalright ba. Mai ɗaukar murya ko karatu, wanda dole ya kashe komai kafin ya danna naɗi, shi ne yake da hujjar biyan kuɗin shiru.

Ƙura

Wannan babu shi a jadawalin kowa, don sabon masanyayi ake gwadawa daga kwali. A wani shagon gyara a Jidda na ga saurayi ya sauke kwamfuta a kan tebur, ya ce masanyayin ya mutu, na ruwa yake so a ɗaura masa.

"Ɗana, bari mu buɗe tukuna," in ji mai gyaran.

"Kawu, ai na duba, fankar tana juyi, zafin ne kawai ba ya sauka."

Mai gyaran ya ɓalle wayoyin ƙarfen da ke riƙe da fankar, ya janye ta gefe. Ta waje farantan suna ƙyalli, amma fuskar da ke kallon fanka ƙura ta dunƙule ta rufe ta gaba ɗaya. Ya sa yatsa biyu ya ɓamɓaro ta, ta fito ɗungum, launin toka, tana danƙo, da zanen layukan farantan a jikinta. Ya shinshina ya ce, "A ɗakin nan ana turaren wuta, kuma a ƙasa kan kafet kake ajiye ta." Saurayin ya yi dariya ya ce haka ne. Aka fita waje da bulowa, aka sake ma'ajun, ya biya kuɗin aiki ya tafi da tsohon masanyayinsa.

Hayaƙin bakhur, wato turaren wuta, da na sigari da na girki suna sa ƙura ta yi maiƙo ta manne, ba ta tashi da hurawar baki. Inda masu hasumiya biyu suke da rauni shi ne fankar tsakiya: tana ɓoye, ba a ganin abin da ya taru a bayanta sai an zare ta. Farantai masu matsatsin jeri sun fi saurin toshewa, lagireton na ruwa ma haka, don nasa sun fi matsewa.

Maganin ba tsada. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa. A nemi akwati mai ragar tace ƙura da ake zarewa a wanke. Fankokin da ke shigo da iska ta ragar su ɗan fi masu fitarwa ƙarfi, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace tsaga. In guguwar ƙura ta wuce, a leƙa. Lokacin hurawa a zare wuta, a riƙe fiffiken fanka da yatsa, don bulowa tana juya ta fiye da ƙarfinta ta kashe boris.

Awo kafin biya

Mutane da yawa sun dawo da kwali saboda murfin akwati ya ƙi rufuwa. Tsayin NH-D15 milimita 165 ne, G2 168, AK620 160, Peerless Assassin 120 SE 155. Kowane akwati yana da iyakar tsayin da aka rubuta masa, a duba kafin a biya. Ram, katunan ajiyar wucin gadi da ke tsaye kusa da furosesa, ma haka: fankar gaba ta NH-D15 tana rufe ramukan ram, ba ta barin sama da milimita 32, ram masu fitila kuwa sun fi haka tsawo. Ana iya ɗaga fankar sama, amma sai tsayin gaba ɗaya ya ƙaru.

Soket: a ɓangaren AMD, AM5 na 2022 ya riƙe ramukan AM4, don haka yawancin tsofaffin masanyayai suna hawa. A na Intel, LGA1700 na 2021 ya canza tazarar ramuka, LGA1851 ya bi sahunsa. Tsohon kaya da ya daɗe a kantar shago yana iya zuwa babu ƙarafan da suka dace, a sa mai shago ya buɗe kwalin. A gindin sabon masanyayi kuma akwai 'yar leda mai gargaɗin a cire ta. Ana manta ta fiye da yadda za ka zata, kuma ita kaɗai ta isa ta kai furosesa iyakarsa cikin daƙiƙu.

To na ruwan fa?

Masu goyon bayansa suna da hujja. Lagireto mai fanka uku yana da faɗin da hasumiya ba ta da shi, kuma ga Core i9 da aka sake wa linzami yana tace bidiyo awa da awanni a sama da wat 250, yana riƙe sauri fiye da na iska. Yana fitar da zafin kai-tsaye waje, ba ya kuma rataya nauyi a jikin madabod, babban allon da furosesa ke zaune a kai.

Masu sukarsa ma suna da tasu. Akwai famfo a ciki, kuma famfo yana mutuwa, sau da yawa ba sanarwa. Ruwan yana raguwa a hankali ta jikin tiyo cikin shekaru. Yoyo ba ya yawan faruwa, amma in ya faru katin hoto ne a ƙasa. Na iska kuwa fanka ce kawai za ta mutu, ka ji ta ko ka gan ta, ka saya wata a kowane shago, kafin nan ma tarin ƙarfen yana ɗan riƙe aikin ofis. Ga wanda wasa ne aikinsa, na ruwa yawanci ado ne. Ado ba laifi ba ne, a dai kira shi da sunansa.

Wat ɗin da ba a ci ba

Akwai hanyar da ta fi duk waɗannan araha, ba a kuma cika faɗinta a shago ba tunda ba abin sayarwa a ciki: rage wutar da furosesa ke ci. A BIOS na AMD akwai Eco Mode, wanda ke saukar da 7950X daga 170 zuwa 105 ko 65. A na Intel ana sa iyakar wat da hannu. Wat na ƙarshe-ƙarshen nan su suka fi kawo zafi, su suka fi ƙarancin kawo sauri, don haka saurin da ake rasawa bai kai ko kusa da wutar da aka rage ba. A wasa ma da wuya a lura, tunda yawancin wasanni ba sa cika furosesa da aiki irin yadda manhajojin gwaji suke yi.

Ribar ba a furosesa kaɗai take ba. Masanyayi mai kyau ba ya rage zafin da ke shiga ɗaki ko da wat ɗaya, sauri kawai yake yi wajen fito da shi. Kwamfutar da ke jan wat 400 awa 6 a rana tana cin kilowat-awa 72 a wata, wajen riyal 13 a farashin halala 18 kowane kilowat-awa na matakin farko na gidaje. Kuɗin ba yawa, amma duk zafin nan a ɗakinka yake sauka, mukayyif kuma ya ci tasa wutar kafin ya kore shi. A ƙaramin ɗaki ana jin sa a jiki.

Maganar ta fi nauyi ga masu haɗa kwamfuta a nan su aika wa ƙani ko ɗa a Kano, Zinder ko Gadarif. Can ga ƙurar hunturu ko guguwar habub, ga ɗakin da ba mukayyif, ga wutar da sau da yawa daga batir da sola take fitowa. Furosesan wat 65 da hasumiya ɗaya mai sauƙin sharewa sun fi dacewa da wannan gida, na ruwa kuwa in famfonsa ya tsaya ba lalle a samu madadinsa kusa ba. In kuma babbar hasumiya aka riga aka saya, a kwance ta daga madabod kafin a ba 'yan kago, a mayar da ita kwalinta, a haɗa da ƙaramin bututun ma'ajun da sukundireba mai dogon wuya. Ƙarfen da ya haura kilo yana rataye a jikin allo, mota tana faɗawa rami da shi, yana iya tsaga madabod ko ya lanƙwasa soket kafin kayan su isa.